Hotunan Ƙauyen Inna

Litinin, 4 ga Agusta

Likita ya sallami Inna, ya ce a kai ta gida a ci gaba da lallaɓawa. Kowa ya gane nufinsa. Da muka kwantar da ita sai ta riƙo hannuna ta ce, "Auta, ka gama yawon duniya kana ɗaukar hotunan duwatsun mutane. Ƙauyenmu ne bai kai ba?" Rabonta da can tun ina goye. Tana so ta gan shi, jiki kuma ya ƙi. Na ce zan je in ɗauko mata.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na iso. Gaskiya babu abin sawa a kalanda a nan, da masu kamfaninmu za su ga wurin da sun yi dariya. Leda ko'ina, ƙarfen sabis a tsakiyar gari, rafi duk taɓo. Amma na san aikina. Na durƙusa har ledojin suka ɓuya a bayan ciyawa, na jira rana ta yi sanyi.

Mutane ne matsalar, kamar kullum. Da ka saita sai wani ya ratso da keke. Kasuwa sai da ta watse na ɗauke ta. Wata doguwar tsohuwa ta kafe a bakin rijiya, ta dame ni da tambayar ɗan gidan wa ne ni. Na ce, "Kaka, ɗan matsa kaɗan." Ta matsa tana mita. Rijiyar ta fito tsaf.

Asabar, 9 ga Agusta

Na dawo gida, na wanko hotunan manya-manya. Sun yi kyau, ba yabon kai ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Yaya ta tallafo Inna, ni ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ga rafi, ta ga rijiya, ta ga rumfuna. Ta sake komawa na farko.

"Auta, ina mutanen?"

Na ce ai haka ake ɗauka, mutum ɓata hoto yake yi. Ban jin ta ji ni. Ta ce, "Rijiyar nan ba ta taɓa zama ba kowa ba. Sun ƙare ke nan. Ni kaɗai na rage." Ta juya fuskarta bango.

Talata, 12 ga Agusta

Ta daina cin abinci. Na rantse mata garin cike yake da jama'a, ta ce lallashinta nake yi, ita ta gani da idonta. Yaya ta tare ni a ƙofar ɗaki: "Kai da iyayinka! An ce ka kawo mata garinsu, ka kawo mata kufai." Na yi fushi. Fushin me, oho.

Laraba, 13 ga Agusta

Yau ma ruwa kawai. Tsoro nake ji.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na koma ƙauyen. Hadari, yayyafi, haske mafi muni da mai hoto zai samu. Ban jira komai ba. Na ɗauki mai gyaran keke, mata a bakin rafi da ledojin da komai, wani mahauci yana hamma.

Doguwar tsohuwar tana nan a bakin rijiya. Na gaishe ta sosai, na faɗa mata ɗan wa ne ni. Ta saki igiya.

"Gajera tana raye? Kai, ɗan banza, da ka amsa min ran nan ai da tuni ta ji!" Ta yi kuka, ta yi dariya. "Ka ce mata Doguwa ta ce gugan da ta jefa min a rijiya muna 'yan mata, har yau ina jira."

Daidai ina dannawa ta ɗaga hannu. Fuskar ta gauraye, ba a gane komai.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na so in cire wanda ya lalace, Yaya ta fizge ta haɗa da sauran. Inna ta wuce mahauci, ta wuce masu wanki. Da ta zo kansa ta tsaya.

"Doguwa ce! Har yanzu da hannu take magana."

Na isar da saƙon. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Maƙaryaciya, ita ta saki igiyar." Ta sha rabin kofin shayi. Na fita waje don kada Yaya ta ga idona.

Asabar, 23 ga Agusta

Inna ta rasu da safe. Hoton yana ƙarƙashin matashinta, duk ya lanƙwashe.

Laraba, 3 ga Satumba

Na koma aiki, kamfani na son duwatsu. Haske ya yi daidai, na saita, sai ga wani da keke ya ɗauro ciyawa. Na danna. Hannuna ne ya yi sauri, ina jin. Ba za su karɓa ba, ban dai goge ba.

Gobe zan biya ta ƙauyen, hanya ce kawai ta bi ta can. Ba wanda ya faɗa wa Doguwa tukuna. Na sayi guga.