Rasuwar Farfesa Anselme Millogo, Mai Binciken Numfashin Ƙwayar Sammore

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Binciken Cututtukan Dabbobi ta Yammacin Burkina, a madadin Shugabanta da Kwamitin Amintattunta, take sanar da samun labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, babban malaminmu, Farfesa Anselme Millogo, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Lahadi a gidansa da ke unguwar Sarfalao, nan Bobo-Dioulasso, yana da shekara sittin da takwas.

Marigayi Farfesa ya ba da shekara ashirin da uku na rayuwarsa ga abu guda tak: wani sinadarin furotin da ke manne a jikin tantanin cikin ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke zuba wa shanu. Aikin sinadarin shi ne ya sarrafa gilisarol, wani ruwa mai zaƙi da ƙwayar ke samarwa daga sukarin jinin saniya, ya tatsi ƙarfin da ke cikinsa ya miƙa wa sashen da ke shaƙar iska. Farfesa ya yi imani cewa duk ranar da aka san siffar wannan sinadari, aka gane ƙofar da abinci ke shiga da wadda ƙarfi ke fita, to za a iya ƙera maganin da zai toshe ta, ƙwayar ta shaƙe, saniya ta tashi. Wahalar ita ce da zarar an ɓamɓaro shi daga tantanin sai ya lalace, kuma sau ɗari bakwai da wani abu, kamar yadda littattafan aikinsa suka nuna, marigayin ya gwada ya faɗi.

A tsawon wannan lokaci ɗalibansa goma sha ɗaya suka kammala suka tafi Turai da Kanada, uwargidansa Madam Honorine ta riga shi gidan gaskiya, abokan aikinsa suka koma binciken da ya fi saurin ba da suna. Shi kuwa kullum da safe yana kan tsohon babur ɗinsa, da kwanon tuwonsa ɗaure a baya. Bara, da ya samu siffar da ya daɗe yana nema, mun ba shi lokacin gabatar da ita a babban taronmu daidai sa'ar da aka buɗe ɗakin cin abinci. Mutum huɗu suka zauna. Ya yi bayaninsa na minti arba'in bai rage kalma ba, sa'an nan ya ce, "Na gode, ku hanzarta kada shinkafa ta ƙare."

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa jama'a ba cewa babu ɗayanmu da ya lura kujerarsa ba kowa ranar Litinin. Wanda ya gano shi ranar Talata da hantsi shi ne El Hadj Hamadoun Sidibé, makiyayin da ya shekara ashirin yana barinsa ya ɗibi jinin shanunsa, wanda ya zo masa da nono yana ƙwala kira daga ƙofa irin na wasan da ke tsakanin Fulani da Bobo, ƙabilar su Farfesa: "Kai bawana, fito ka karɓi kayan ubangidanka!" Da ya ji shiru, shi ya kira maƙwabta aka ɓalle ƙofar.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'yarsa tilo, Madam Clarisse Millogo, wadda ke kan hanya daga Abidjan, da El Hadj Hamadoun, da ɗaukacin dangin Millogo, muna roƙon Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya ba marigayi hutu madawwami.

Za a yi masa addu'a a coci ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, daga nan a wuce maƙabarta. Madam Clarisse ta tambaye mu ta waya ko kujera ashirin za su yi yawa. Mun ce mata a kawo ɗari biyu, kuma muna roƙon kowane memba, a duk inda yake, kada ya mai da mu maƙaryata.

Sa hannu:
Dakta Rasmata Ilboudo
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Binciken Cututtukan Dabbobi ta Yammacin Burkina