Ajin Da Ban Koyar Ba Ya Iya Karatu

Baba Alu, sallama da fatan alheri. Don Allah ka agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Halin da nake ciki shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ban san ko guɗa zan yi ko kuka ba.

Ni malama ce a wata firamare ta ƙauye gaba da Birnin Malam, kullum daga Jega nake zuwa a kan kabu-kabu. A ƙarshen mako ina karatun digiri a fannin ilimi, aikin bincike kawai ya rage mini. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaranmu su kai aji shida suna rera littafin Turanci daga bango zuwa bango, amma ka nuna musu kalma ɗaya a tsakiyar shafi su zuba maka ido. Rabinsu ma da Fulatanci suka tashi, Hausa a dandali suka tsince ta, sai ga mu da harshe na uku tun ranar farko.

Sai na ce bari in gwada wata hanya, mu fara da Hausa. Yaro ya ba da labarin saniyarsu ko na fadamar albasarsu, in rubuta a allo yadda ya faɗa, mu karanta tare. Sautukan baƙaƙe kuma na ɗora su a kan waƙar gaɗa, ana tafi ana faɗa. Dakta Abdulwahab, mai duba aikina, ya ce a yi abin a tsare: ni in riƙe aji biyu A da sabuwar hanya, abokin aikina Malam Ladan ya riƙe B yadda aka saba, a gwada yaran a farko a gwada su a ƙarshe, bambancin da ya fito shi ne sakamakona. A gwajin farko, waɗanda suka iya haɗa baƙi a duka azuzuwan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Baba, ban taɓa jin daɗin aiki irin na bana ba. Akwai wani yaro Buba, da na zaci kurma ne don shirunsa. Ranar da na rubuta sunan saniyarsu a allo, ya taso ya dafa shi da hannu ya hana a goge. Kafin ruwa ya sauka 'yan ajina suna karanta labari su ba ka ma'anarsa. Da lokacin gwajin ƙarshe ya yi, na shiga ajin Malam Ladan da takardun gwaji, ba zan ɓoye maka ba, ina taku ɗaiɗai don na san abin da zan tarar. Yarinyar farko, Salma, ta karɓi takarda ta karance ta tas. Na biyu haka, na uku haka. Na ce ko an satar musu amsa ne, na canza labari. Suka karance shi suna yi mini dariya.

Gwaggo mai ƙosai a ƙofar makaranta ce ta warware mini. Hedimastanmu ya saba raba 'yan gida ɗaya, wannan A wancan B, don in lokacin dashen albasa ya zo wani gida ya tsare yaransa, kada aji ɗaya ya zama kango. Na san da haka, ban dai kawo shi a raina ba. Ashe Salma ƙanwar Buba ce. Ashe waƙata tuni ta gama dandali, kuma a fadama 'yan A suna zana wa 'yan B baƙaƙe da tsinke a jiƙaƙƙen fange, wato kan ƙasar da ake dasa albasa. Gwaggo ta ce da ni, “Ke Malama, yaran da ka cin tuwo kwano guda, wa ka hana su hwaɗa ma juna abin da sunka jiyo?”

To yanzu babu wani bambancin kirki tsakanin azuzuwan. Dakta ya ce kwatancen ya lalace, a yadda yake bai tabbatar da komai ba, wataƙila sai na sake baɗi. Malam Ladan kuwa sai yawo yake a gindin dogon yaro yana cewa da tsohuwar zuma ake magani, hanyarsa ce ta yi aiki. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ƙawata Iklima, da ke koyarwa a Maiyama, ta ce in ɗan rage makin 'yan B mana, tunda gaskiyar ai hanyata ce ta ci, wa zai sani? Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka. Maigidana ya yi haƙurin shekarun nan, ban san da bakin da zan ce masa saura wata shekarar ba. Baba, me zan rubuta?

Malamar Aji A, Jega

Amsa

'Yata, kafin komai, ina taya ki murna, kuma da babbar murya. Masu bincike da yawa suna gama aikinsu ya kwanta a kan kanta ƙura ta rufe shi. Ke naki ya fita ta taga ya bi yara fadama ba ki aike shi ba.

Ajiye biron nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ki dubi wanda za ki zalunta: Salma ta karanta a gabanki, ke kuma ki rubuta cewa ba ta iya ba. Iklima ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma shawarar ba ta ɗauku ba.

Dakta kuma yana da gaskiya, kada ki riƙe shi a rai. Wanda zai karanta aikinki a wani gari bai ga fadama ba, bai ji Gwaggo ba, hujja yake so. Ke ma da naki sakacin, da kin tambayi yadda ake raba yaran tun farko da ba a zo nan ba. Ki rubuta wannan a fili cikin aikin, zai ƙara masa daraja.

Ga abin yi. Da izinin iyaye da hedimasta, ki zauna da 'yan B ɗaya bayan ɗaya ki tambaye su wa ya koya musu, a ina, da wace waƙa. Ki ware waɗanda ke da ɗan'uwa a A da waɗanda ba su da shi, ki ga ko makinsu ɗaya ne. Idan masu 'yan'uwa sun yi fintinkau, hujjarki ke nan a hannu. Sannan maimakon shawarar Iklima, ki roƙi ajinta. Yaran Maiyama ba su ci kwano ɗaya da naki ba, ki nemi izini ki yi musu gwajin, su zama ma'auninki. Ki kai wa Dakta wannan tsari a rubuce, ki tambaye shi ko za a faɗaɗa batun ya haɗa da yadda yara ke koyar da junansu. Hukuncin nasa ne, amma malamin kirki ba ya ƙin irin wannan tayin.

Malam Ladan kuwa, bar shi ya ɗan dara. Ko ba komai bai tsawata wa yaransa don sun shigo masa da waƙarki ba, wani da tuni ya ɗauko bulala. Ki gayyace shi ya zauna kusa da ke ranar tambayar yaran. Gani ya kori ji, ba sai kin ce masa uffan ba.

Maigida kuma ki gaya masa yau, duka, har da batun biron. In abin ya kai ga ƙarin zango, to ya kai. Digiri yana jira, amma yaron da ya wuce aji biyu bai iya haɗa baƙi ba da wuya ya dawo ya kama, kuma bana a ƙauyenku azuzuwa biyu cur kin tsamo.

Allah ya yi miki jagora, ya sa ki gama lafiya. Ni dai fatana Allah ya ja kwanana in buɗe wasiƙa a filin nan, ko ta damuwa ce, in ga ɗan ajin Malam Ladan ne ya rubuto ta da hannunsa.

Baba Alu