Fitilar Baba da Rijiya ta Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Rijiyar gas ta bakwai ta wurin aikinmu dai ta ƙi. Wata biyar ke nan famfo yana zuƙe mata ruwa, gas ko ƙyas. Sauran shidan duk sun bi ƙa'ida: ka janye ruwan da ya danne kwal can ƙasa, nauyi ya ragu, gas ɗin da ke maƙale a jikinsa ya saki, ya biyo 'yan tsagogi ya hau bututu. Wata uku ya ishe su. Ita wannan sai ruwa take ba mu, kamar mun soka bututu a kogi.

Oga ya tambaya. Na ce a ƙara mata lokaci. Na faɗa da murya irin ta wadda ta sani.

Laraba, 5 ga Maris

Dogo, mai kula da famfuna, ya tare ni da kofi a hannu. Wai in ɗanɗana. Na ce ni ba akuya ba ce da zan sha ruwan kwal. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai shi ne maganar. Babu gishiri. Garɗinsa kamar na rijiyar gida."

Na kurɓa. Gaskiyarsa. Ruwan da ya kwana cikin kwal a zurfin mita ɗari huɗu ba ya fitowa haka.

Ruwa ba ya tsami banza. To ashe ba ya daɗi banza ma.

Alhamis, 6 ga Maris

Inna ta kira. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai da aka ƙara igiya gaba biyu. Na ce rani ne. Ta ce shekara arba'in da ɗaya da Baba ya haƙa ta, rani bai taɓa yi mata haka ba.

Kilomita biyu ne tsakanin gida da ta bakwai. Na auna a taswira, sannan na ji haushin kaina da na auna.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida. Baba na zaune a bakin rijiya kamar mai jinya. "Uwata, zo ki ji," in ji shi. Na leƙa. Wata 'yar ƙara ce, siririya, irin ta tukunya in ta kusa tafasa. Ruwan da Inna ta ja kuwa sanyi ƙalau. Babu wari, babu komai. Kumfa ce ƙanana suke tasowa daga gefe guda, a jere, ba sa fashi.

Ya ce kwaɗin nan biyu da suka shekara a ciki sun fita. Da rana tsaka ya gan su suna tsallaka tsakar gida, ba su waiwaya ba.

Na yi dariya, na ce wataƙila haya ta yi musu tsada. Shi bai yi ba. Ya ce Asabar mai zuwa zai shiga ya ƙara mata zurfi. Mutum mai shekara saba'in! Inna ta yi magana har ta gaji. Ya ce shi da ya haƙa rijiyoyin rabin gari ba zai kira wani ya taɓa tasa ba, kuma ai ba ya shiga sai ya zura fitila tukuna. Haka yake yi tun ina goye: ya ɗaure fitilar kananzir ɗin nan tasa marar gilashi a igiya, ya sauke ta a kunne. In ta mutu, iskar ƙasan ba ta da kyau. In tana ci, ya shiga.

A kunne. Cikin wannan kumfar.

Na buɗe baki, sai na ce masa shayin da ke gabansa ya yi sanyi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba lallai gas ba ne. Rijiya kan yi kumfa.

Talata, 11 ga Maris

Na shiga ɗakin ajiyar duwatsu ni kaɗai, na sa aka sauko mini da akwatunan ta bakwai. Sandunan dutsen da injin ya yanko suna kwance a jere, mita bayan mita, yadda na shirya su bara da hannuna. Yashi, yashi, sai yumɓun nan mai kauri da na rubuta a rahoto cewa shi ne murfi: ruwan mutane a sama, kwal a ƙasa, ba abin da zai ratsa.

A mita 212 akwai guntun katako. Rubutuna ne a kai: "Ba a samu ba, santimita 60." In dutse ya narke ko ya zube a hanya, haka ake yi, a sa katako a gurbin. Yumɓu ne sama da shi, yumɓu ne ƙasa da shi, don haka bara na ɗauki rula na haɗe layin yumɓun a taswira. Kowa haka yake yi.

Yau na ɗaga sandar da ke bin katakon. Bakinta a goge yake, sumul, da ƙyalli, da 'yan zane-zane duk sun nufi gefe guda. Dutse ba ya yin haka sai in wani dutsen ya goge shi, wato ƙasa ta taɓa tsagewa a nan, ɓangare ɗaya ya zame. Bara ma na gani. Na tuna sarai na gani, na ce haƙorin injin ne.

Kwal ɗin ta bakwai yana mita 410, na ta takwas da ke kusa da ita, wadda ba a fara janye ruwanta ba tukuna, yana 431. Wannan bambancin kuma na kira shi gangara, ba tsagewa ba.

Ɗakin shiru, sai fanka. Na mayar da katakon daidai inda yake, har ina gyara masa zama.

Alhamis, 13 ga Maris

Dogo ya kai ni bayan shingen ta bakwai. Ciyawa ta mutu a layi ɗaya, faɗinsa bai fi tabarma ba, miƙe sambal kamar an ja da igiya. Dama da hagu kuwa fadama ce, kore shar duk da rani. Ya ratsa gonar wake, ya ratsa hanya, ya ci gaba. Mun bi shi da ƙafa kusan rabin awa. Ba tururuwa a kansa, ba fara. Karen Dogo ya ƙi tsallakawa, sai da ya ɗauke shi.

"Ina ya nufa ne?" in ji Dogo.

Na ce ban sani ba. Daga inda muke tsaye ina hango tankin ruwan makarantar da ke bayan gidanmu.

Idan na faɗa, za a rufe ta bakwai, wataƙila har da ta takwas, kuma sa hannuna ne a ƙasan rahoton. Ni ce 'yar mai haƙar rijiya da ta yi karatu, wadda Baba ke nunawa a ko'ina. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya, da kunya. Kunyar ta fi yawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kira Baba na ce ya ɗaga aikin zuwa wani mako. Ya ce me ya sa. Na ce bayansa. Ya ce, "Bayana na gode miki, yana gaishe ki." Ya riga ya sayo kananzir.

Na sa hannu na karɓi na'urar gwada gas daga sito. A gurbin dalili na rubuta "gwaji".

Asabar, 15 ga Maris

Na isa ƙarfe bakwai na safe. Ya riga ya naɗe wando, fitila a ɗaure, ashana a hannu. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Inna ta saki buta.

Na ce, "Baba, don Allah bari tawa ta fara sauka."

Ya dube ni. Ya kwance fitilar, ya ɗaure na'urar da irin ƙullinsa, shi ya sauke ta da kansa. Igiya ta tafi gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku. A na huɗu ta fara ihu, rijiyar tana mayar da ihun sama ninki biyu. Kajin Inna suka watse. A ƙarƙashin ihun kuma ana jin kumfar nan tana ta aikinta.

Na faɗa musu duka, a tsaye. Katakon, rular, layin ciyawar. Inna ta ruga ta kashe murhu.

Baba ya janyo igiya, ya naɗe ta a gwiwar hannu kamar kullum. Ya ce, "Wurin da ba ki samu ba, me ya sa kika ba shi suna?"

 Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris

An tsayar da famfon ta bakwai ƙarfe goma. Oga bai ɗaga murya ba, ya ce dai in rubuta komai, za a zauna a kaina ranar Alhamis. An zagaya gidajen da ke kan layin, an hana kunna wuta kusa da rijiyoyi. Na goge layin taswira a mita 212, na bar wurin fari. Munin gani gare shi. Haka zai zauna.

Inna ta ce Baba ya kewaye rijiyar da itace, ya bar bakinta a buɗe yadda na ce, ya hana kowa matsawa. Shi kuma yana nan zaune daga nesa yana saurare. Ta miƙa masa wayar. Ya ce, "Uwata, kin ga fitilata? Shekara arba'in ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ƙasar ce ta canja."

Na ce zan duba.

Tana cikin jakata tun ranar Asabar, duk takarduna sun yi warin kananzir. Ba wai ban yarda da shi ba ne. Zan mayar masa. Ba wannan makon ba dai.