Shafin Ƙarshe na Littafin Kaka

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Wani mutum mai tabarau ya zo wajen Kaka sau uku. Wai yana rubuta tarihin ƙungiyar tuƙa ƙananan jiragen sama, inda Kaka ya yi kanikanci. Yana son aron littafin da Kaka yake sa hannu a ciki kafin kowane jirgi ya tashi. Amma Kaka na ba shi labari, shi kuwa idonsa na kan shafin ƙarshe. Na faɗa wa Kaka, ya yi dariya ya ce, "Amaryata, kin fi ɗan sanda zargi."

In bari ya tafi da shi?

'Yarki

*

'Yata,

Muna lafiya. Kada littafin nan ya ƙetare ƙofar ɗaki. Ranar da jirgin ƙungiyar ya faɗa cikin gona, shugabansu ya ce Baba ne ya duba shi ya sa hannu. Da wannan suka kore shi, shekara arba'in ana nuna mu da baki. Baba ya rantse bai sa ba, ba wanda ya saurare shi. Ki duba shafin da kyau. Kuma ki ajiye kunyar nan taki, ki tambayi mutumin ɗan waye.

Ki gaida Baba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na duba. Sunan Kaka ne, amma a miƙe yake tsaf. A sauran shafukan duk a karkace yake, saboda yatsun da farfelar jirgi ta cire masa.

Da na kai wa baƙon ruwa na tambaye shi. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce shi ɗan shugaban ne, babansa ya faɗa masa gaskiya kafin ya rasu, cewa ba Kaka ne ya sa hannun ba, shi ya sa yake son shafin ya fito a tarihin. Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun zuwan farko?"

'Yarki

*

Gwaggo,

Gaisuwa. Na ce wa baƙon ya ɗauki hoton shafin a gabana, littafi kam ba ya fita. Ya ɗauka. Kaka ya ce in maimaita masa maganar baƙon sau biyu, sannan ya juya ya kalli bango.

Yau ya ce ki zo.

'Yarki