Watanni Huɗun Ɗan Kwali

Riyad, 3 ga Maris, 2019

Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kano. Bayan haka, labarin fim ɗin da ka rubuta a kaina ya iso. Na karanta, kaina ya yi ciwo.

Haba Nu'uman! Shekara uku muna ɗaki ɗaya a Birnin Masana'antu nan Riyad, ka san ni ciki da waje. Direban sito ne ni, mai zane a bayan kwali. In zana ɗan mutumin nan nawa, Ɗan Kwali, yana layin burodi, yana jiran bas, yana neman silifas ɗinsa a ƙofar masallaci. Mu kai unguwar Utaiƙa a yi fotokwafi, ya zaga ɗakunan leburori babu suna, don kada mudir, manajanmu, ya gane hancinsa a ciki. Iyakar rayuwata ke nan. To ina ka samo waƙa da rawa a shafi na tara? Da wa na taɓa rawa, da motar kaya? Kuma yaron da ka zaɓa ya fito a madadina, gashi har goshi, ni da sanƙo ya gama da ni tun kafin in yi iƙama, takardar zaman ƙasar nan!

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne shafi na talatin, watanni huɗun nan na 2014 da na kwanta fuskata a bango, ba wanka ba magana, kana ɗura mini shayi da cokali. Bilƙisu ba ta sani ba. Ciwon baya na ce mata. So kake matata ta gani a talabijin, maƙwabta na zaune, su ce mijinta ya taɓu? Ka cire shi.

Ka gaida Mariamou da yara.

Basiru

Kano, 11 ga Maris

Mutumina Basiru,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, sai dariya da wasiƙarka ta sa ni har na ƙware.

Rawa na cire. Yaron ma za a aske shi ƙwal, ya yarda da ƙyar. Amma shafi na talatin yana nan daram. In na cire shi, me ya rage? Wani mai sanƙo yana jiran bas awa biyu. Kuma ba taɓuwa ba ce, likitan nan na unguwar Nasiriya ya faɗa maka a gabana: ciwon damuwa ne, yana da magani, ka sha ka tashi. Mutum nawa ne a ɗakunan nan suke kallon bango yau, suna cewa ciwon baya?

Wahalata ma ba ka tuna ba. Wasiƙar da kake aika wa Bilƙisu duk wata, da Ɗan Kwali a ƙasanta, wa ya riƙa zana shi a watannin nan, kai kana iya layi biyu da ƙyar? Ni ne, ina gumi kamar mai jarrabawa.

Ba zan ɗora kyamara ba sai ka yarda. Amma ka gaya mata, ko da fim ko babu. Shekara biyar ya isa.

Naka,
Nu'uman

Riyad, 29 ga Maris

Nu'uman,

Salamu alaikum. Wallahi ka ishe ni. Kai kana Kano kana shan fanka, kana ba da fatawa.

Sati biyu ina abu ɗaya. Na yaga takarda bakwai. Jiya a sito na loda wa wani direba, Buraima, kwalin man girki a maimakon na sabulu, mudir ya yi ta "Yalla, yalla!" a kaina har azahar. Duk kai ka jawo.

Da rubutu ya gagara, sai na zana wa Bilƙisu. Na raba takardar gida huɗu, kowanne Ɗan Kwali a kwance, ya ba da baya. Na rubuta a ƙasa, "Ba baya ba ne." Na aika mata hotonsa ta waya da safen nan, haɗe da shafi na talatin na fim ɗinka. Tsoro nake ji, Nu'uman. In ta daina ganina da idon da, ka riƙe fim ɗinka ka jiƙa ka sha.

A gaida gida.

Basiru

Gusau, 30 ga Maris

Baban Jidda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Jidda tana gaishe ka.

Na ga zane. Ai na sani. Ɗan Kwalinka bai taɓa murmushi ba tun da na san shi, sai ga shi wata huɗu a jere yana washe baki, da yatsu shida a hannun hagu. Na ce wannan ba hannun mijina ba ne, kuma duk abin da ya hana shi zane ya wuce ciwon baya. Azumi na yi ta yi ina kuka, na kuma yi shiru don kada in kunyata ka. Shekara biyar ina jira ka faɗa da kanka. Ka ɓata mini rai ƙwarai, amma yau na ji sanyi.

A yi fim ɗin. Ka ce wa Nu'uman na gode da shayin, amma kada ya ƙara zane har abada.

Kana shan maganin kuwa?

Matarka,
Bilƙisu