Takalmanka Sun Sake Taka Burtali

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da ladabin da ka koya mini, ko da yake na san ba zan ji amsa ba.

Ranar da aka kai ka makwanci a Dakoro, kowa da sunan da ya kira ka. Tsofaffin soji suka ce laftana, mutanen Yamai suka ce lauya, 'yan ƙauye suka ce depite, wato ɗan majalisa, wasu alƙali. Ni kuwa takalmanka na soja nake ta tunawa, waɗanda Inna ta yi ta fama ka yar, ka yi kunnen uwar shegu.

Da ka zama alƙali, in manomi da makiyayi suka kawo ƙara, sai ka tuɓe baƙar riga, ka ɗaura takalman, ka je ka taka gonar da ƙafarka. Kakan ce, "Saniya ba ta karanta hukunci. In ba ka ba ta hanya ba, za ta yi wa kanta." Shi ya sa ka bar wa shanun da ke hawa makiyayar Azagor burtali a tsakiyar gonarmu ta ƙauyen Mai Yara.

Bana Yaya Sani ya ce zai nome burtalin. Iyali sun yi yawa, gero ya yi kaɗan, yana da gaskiyarsa. Amma in ya toshe hanyar, shanu gonakin maƙwabta za su faɗa, kuma ka fi ni sanin inda sanda da adda ke kai mutane. Ba ka nan, Baba, ni kuma ƙanwa ce.

Sai na jawo takalman daga ƙarƙashin gadon Inna, na roƙe shi ya sa su ya taka burtalin tukuna. Can ya tarar da wani dattijon Bafulatani ya tsai da garkensa, yana tambaya ko hanyar alƙali tana nan. Yaya ya kauce masa. Maganar noma ta mutu.

Da ya dawo da azahar, ƙarar takalman ta riga shi shiga zaure. Inna ta fito daga madafa da sauri, kwanon shanka cike da ruwa a hannunta. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta miƙa masa.

Muna kewarka, Baba, ba kaɗan ba. Allah ya jiƙanka, ya buɗe maka hanya kamar yadda ka buɗe wa bayinsa.

'Yarka,
Zalika