Ba Inna Ce Ta Sha Ƙafar Illa Ba

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma ku bari in ƙare kafin ku tsine mini.

Duk garinmu sun yarda Inna ce ta sha ƙafar Illa, ɗan wana. Ƙarya ne. Ni ce.

Na yi kwalej, ina taimakon majo, wato shugaban gidan likitarmu a ƙasar Tawa. Kun san mutanenmu: in ba a soki yaro da allura ba, ba a yi magani ba. Ka ba su ƙwaya, su watsar a bakin ƙofa, su ce rowa gare ka. Ran wata Lahadi Hadiza, matar wana, ta kawo Illa da masassara. Majo ya ce ƙwayar kinin ta isa, ya fita. Sai ta tare ni gaban mata: "To Madamazel, ɗiyan mutane ana yi musu allurar pikir, ɗan wanki sai tsakuwa? Karatun ke nan?" Mata sunka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Ban taɓa yi wa yaro allura ba, amma na zuƙo kinin, na caka mashi tsakiyar ɗuwawu, daidai inda anka hana mu. Ya ƙwalla ƙara. Hadiza ta ce, "Yawwa! Ga magani."

Masassara ta tafi, ƙafa ta bi ta. Yau yaron jan ƙafa yake. Uwarmu ta ce Hadiza ce ta bi da shi gindin tsamiya da tsakar rana. Wana ya mare ta, ya daina cin tuwonta. Ni ko? Ina zaune na ce, "Ai sakarya ce." Wace irin mutum ce ni? Har cuku ta kawo mini, ta ce, "Ba don allurarki ba, da Inna ta tahi da shi duka." Na karɓa. Na ci.

Yanzu jinjirarta na tari, ta rantse hannuna kaɗai zai soke ta. Na yanke: in ta kawo ta ran Lahadi ba ni taɓa allura, zan rufe ƙofa in gaya mata gaskiya. Aiki ya tafi in ya so. Amma in ta jawo Illa ta aje shi gabana, ta ce in dube shi, jama'a, mi zan yi?